Mayun Hoto

Da can in aka ce "mai hoto" an san wanda ake nufi. Mutum ne mai shago, da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da fulawar roba a kan tebur, da wayar tarho wadda ba a haɗa ta da komai ba, a miƙo maka ka kara a kunne ka yi murmushi. Ka biya rabin kuɗi ya ce ka dawo jibi, ka dawo jibi ya ce ba a kawo wuta ba. Sana'a ce, har gobe akwai masu cin abinci da ita, Allah ya ƙara musu kasuwa. Ba da su nake ba yau. Waɗanda nake nufi su ne waɗanda ba wanda ya aike su: ma'aikacin banki, malamin jami'a, likita, ɗalibi, ɗan kasuwar Kwari. Kowa da abin yinsa, amma da Asabar ta zagayo sai ya rataya kyamara a wuya ya shiga gari neman abin ɗauka. Ba a biyansu ko sisi, su ne ma ke kashewa. Irin waɗannan ai sai dai a kira su mayu, yadda ake da mayen shayi da mayen ƙwallo.

In ka zauna cikinsu a Kano, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba kasafai suke hirar hoto ba. Hirarsu ta gilashi ce, wato idon nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, haske ya ratsa ta cikinsa. Sai a shafe awa biyu ana musu a kan yadda gilashi kaza yake zana fuska, da yadda wancan yake fitar da launi, har shayi ya huce ba wanda ya tambayi abin da aka ɗauka.

Mafi yawa a cikinsu, kuma mafi saurin ganewa, shi ne mai narkar da baya. A duniya ba abin da yake so irin ya ga mutum ya fito tar a tsakiyar hoto, duk abin da ke bayansa kuma ya dame kamar kunun gyaɗa. Abin ba sihiri ba ne. A cikin gilashi akwai wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke haɗuwa su bar ƙofa a tsakiya, ana buɗe ta ana tsuke ta. Lambar da ake rubutawa da harafin f ita ke faɗin girman ƙofar, kuma a juye take, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Gilashi mai milimita 50 in an sa shi a f/2, faɗin ƙofarsa milimita 25 ne. A f/8 kuwa bai kai 7 ba. In ƙofa ta buɗe sosai haske yakan kwararo, amma tazarar da ke fitowa tar sai ta ƙanƙance, abin da ya ɗan matso gaba ko ya ɗan ja baya ya zama dishi-dishi. Mutumin namu ranar da ya sayi ɗan 50 mai f/1.8 ya murɗa ƙofar har ƙarshe, tun daga ranar bai sake taɓa ta ba. Sauran lambobin, su 4 da 5.6 da 8, a ganinsa don ado kamfani ya rubuta su.

Bi shi marinar Ƙofar Mata da hantsi ka sha kallo. Wuri ne da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, ga rijiyoyin baba a jere, ga rinannun yadudduka a shanye, ga ƙarar masu bugu daga gefe. Zai durƙusa gaban wani dattijo da hannunsa ya rine shuɗi, ya ɗauka, ya miƙe yana washe baki ya nuna maka bayan kyamara. Dattijo ya fito, ko in ce idonsa na dama ya fito, don na hagun ya kama hanya, kunne kuwa ya riga ya yi nisa. Rijiyoyi babu, yadudduka babu, hannun da ya tsufa a cikin baba ma babu. Da a bayan gidansu ya tsayar da dattijon, hoton da zai samu ke nan. Ka gaya masa haka sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Yallaɓai, dubi fa yadda bayan nan ya kwanta."

A gida abin ya fi muni. Ranar suna dangi sun jeru layi uku, yara a tabarma, manya a kujera, samari a tsaye, aka ce ai ga mai babbar kyamara. Da aka kai wa Goggo hoton ta kai shi kusa da ido, ta mayar nesa, ta ce, "Ɗan nan, hazo aka yi ranar? Ni dai na san da damina aka yi sunan nan. Kuma ina Kawunka? Ga alamar hularsa, shi ban gan shi ba." Duk da haka bai daddara ba. Burinsa na rayuwa shi ne gilashin Leica mai suna Noctilux, mai f/0.95, wanda kuɗinsa ya haura dala 10,000. Kuɗin fili ke nan a bayan gari, zai zuba don ya tabbatar ba a ga komai ba.

Abokin gabarsa shi ne mai ƙirgen gashin ido, wanda ba ya ƙaunar dishi-dishi ko misƙala zarratin. In ya sayi gilashi, bango yake fara ɗauka. Zai manna shafin jarida a jikin bulo, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya ɗauki jaridar a f/2, a f/2.8, a f/4, har lambobi su ƙare, sannan ya kwana gaban kwamfuta yana zuƙo kusurwa ninki huɗu don ya ga ko harafin da ke can lungu ya fito da kaifi. Kusan kowane gilashi ya fi kaifi a tsakiya fiye da gefe, kuma ya fi kyau in an ɗan tsuke ƙofarsa. Masu ƙera shi sun sani, kowa ya sani, amma shi kullum sabon labari ne a wurinsa, kullum kuma ransa a ɓace. Akwai wani siririn layi, wani lokacin ja-ja wani lokacin kore-kore, da kan fito a gefen abu mai duhu in bayansa fari ne fat, misali reshen darbejiya a sararin sama. Dalili shi ne gilashi ba ya lanƙwasa launukan haske daidai wa daida, sai wani launin ya ɗan zame daga inda sauran suka haɗu. Mai lafiya zai shekara yana kallon hoto bai lura ba. Shi kuwa ko hoton jaririyarsa aka nuna masa, tana hamma, kowa na faɗin tubarkalla, idonsa na can ƙasa ta hagu, ya gano zaren tabarma bai fito ba. Bayan duk wannan wahala ta WhatsApp zai tura hoton, manhajar ta matse shi, a buɗe a wayar da fuskarta ta tsage gida uku.

Wanda na fi jin daɗin hira da shi, duk da haukansa ya fi na kowa tsari, shi ne mai tsohon gilashi. Duk abin da mai ƙirgen gashin ido ya kira aibi, shi "hali" yake kiransa. Gilasan zamani a wurinsa ba su da rai, sun cika tsafta, duk kamarsu ɗaya. Abin alfaharinsa shi ne Helios 44, ɗan Tarayyar Sobiyet mai milimita 58 da f/2, wanda aka ƙera miliyoyinsa tun daga ƙarshen shekarun 1950 ana haɗawa da kyamarar Zenit. Kwaikwayo ne na wani gilashin Jamus na kamfanin Carl Zeiss mai suna Biotar. In aka buɗe ƙofarsa duka aka tsayar da mutum gaban bishiya mai ganye, ɗigogin hasken da ke gefe-gefe sai su matse su kwanta a karkace, bayan hoton ya riƙa juyawa yana zagaye mutum. A lissafin injiniya wannan gazawa ce. Shi kuwa don ita ya saya. Duk mutanen gidansu an tsayar da su ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito a tsakiyar guguwa, har autarsu ta ce, "Yaya, ni in na kalli hotona jiri nake ji."

Yana kuma da wani ɗan Japan, Super-Takumar mai milimita 50 da f/1.4 na kamfanin Asahi, ƙirar shekarun 1960, wanda aka zuba sinadarin toriyom a gilashinsa don ya ƙara ƙarfin lanƙwasa haske. Sinadarin na fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, kuma da shekaru suka ja gilashin yakan rine ya koma rawaya-rawaya. Maganin rinewar hasken rana ne. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka shiga gidansu ka tarar an shanya kuɓewa da barkono a tsakar gida, ga gilashi a gefe a kan faifai, an kuma ja wa yara kunne cewa duk wanda ya taɓa zai gamu da Yaya. Wani ɗan uwansa a aƙida cewa zai yi a bar masa rawayarsa, ai ita ce halin. Da damina ta yi nisa fumfuna ta kama cikin gilashin ta yi reshe-reshe, ka yi masa jaje, ya ce ai hoton ma laushi ya ƙara.

Inda ake kuka da shi ranar hawa ne. Tsohon gilashi ba ya saita kansa, da hannu ake murɗa shi har abu ya fito. Hawan sallar Kano kuwa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, ba ya jiran kowa. Ranar Hawan Daushe zai sammako ya kama wuri a Ƙofar Kudu, ya sha rana, ya sha turereniya, dogarai su kore shi ya dawo. Da mahaya suka sako dawaki za su yi jafi, ga 'yan kwalkwali, ga algaita, ga bindiga na tashi, shi yana nan ido ɗaya a runtse yana murɗawa. Ya murɗa dama ya wuce, ya dawo hagu ya wuce, kafin ya samu daidai doki ya kai gaban sarki. Babu wanda ya kai shi tarin hotunan wutsiyar doki a duk faɗin masarautar. Amma zai nuna maka su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka ga launin ƙurar nan? Sabon gilashi ba zai ba ka wannan ba."

Akwai kuma wanda saye kawai yake yi. Kalmarsa ɗaya ce: "Da zan samu ɗan 85, da kun ga aiki." Ya samu ɗan 85, sai ya gano ashe ɗan 35 ne ya dace da lungunan cikin birni. Ya sayar da wancan da asara ya sayi wannan, bayan wata biyu ya yi kewar wancan ya sake saye da tsada. Kwalaye duk suna nan a saman wadirof, ko ledarsu ba a yar ba. In an fita tare jakarsa ta fi ta kowa nauyi, kuma duk abin da ya faru a gabansa yakan same shi ne a tsugune yana canja gilashi. Uwargida ta san kuɗin kowane ɗaya, sai dai kuɗin da ya gaya mata ne, kuma babban tsoronsa a rayuwa shi ne wata rana ta sayar da su a kan wannan farashin.

Yanzu ga wanda ba kullum nake iya yi masa dariya ba, wato malamin falsafar titi. Kyamararsa ƙarama ce, gilashinsa ɗaya, saboda ya karanta cewa Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya yi suna wajen ɗaukar mutane a titi, yawancin aikinsa da Leica da ɗan 50 ya yi shi, har yakan liƙe ƙyallin kyamarar da baƙin salatif don kada a lura da shi. Namu ma ya liƙe tasa, duk da cewa da ma baƙa ce. Ba ya cewa ya ɗauki hoto, sai dai ya ba da labari. Labarin nasa kuwa guda ɗaya ne: almajiri da robarsa, tsohuwa mai tallan gyaɗa, ɗan dako ya haɗa gumi. Ya cire launi ya mayar baƙi da fari, ya ƙara duhu har kowane tamoji ya fito, ya rubuta dogon Turanci a ƙasa, abokansa na ƙasashen waje su yi ta yabo. Gidansu na unguwar masu hali, amma ba ka taɓa ganin hoton mahaifinsa da singileti yana cin tuwo ba. Rayuwar yau da kullum a wurinsa ta talaka ce. Ta gidansu sirri ce, ba a ɗauka.

Na ga yadda wani mai shayi a cikin birni ya yi da irinsa. Dattijon na sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ɗago ya ga baƙin abu ya nufo fuskarsa.

"Malam, lafiya? Ina za ka kai ni?"

"A'a Baba, ci gaba da aikinka. Tarihi nake adanawa."

"To bari in sa hulata in goge fuska, kada tarihi ya same ni haka."

"Ai Baba in ka gyara ka ɓata hoton. A yadda kake ɗin nan nake so."

Dattijo ya ajiye kofi ya ce, "Ashe ba ni kake so ba, dauɗata kake so. Kau da abin nan, ko ka zauna ka sayi shayi mu san juna tukuna."

A nawa ganin mai shayin ya fi shi sanin hoto. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da duniya ke ji da su ba da sata suka yi suna ba. Seydou Keita ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, mutane na zuwa da kansu cikin kayan da suka fi ji da su, shi kuma ya ara musu agogo ko rediyo ko babur su tsaya a gefe. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Malick Sidibe gayyatarsa matasan Bamako suka riƙa yi wuraren rawarsu, kuma hotunan waɗannan darare na cikin abin da ya kai shi ga lambar zinare ta bikin fasaha na birnin Banis a 2007. A Nijeriya J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna wajen 1,000, kuma ba a ɗaukar kitso haka sai mai kan ta tsaya ta juya maka ƙeya. Ko da yake, a yi wa malamin falsafa adalci, satar hoto ta girme shi nesa ba kusa ba. A 1838 Louis Daguerre ya saita na'urarsa ta taga ya ɗauki wani titi a Faris. Saboda ɗaukar na cin mintuna, duk keken doki da masu tafiya suka ɓace daga hoton, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Shi ake lissafawa cikin mutanen farko da suka fito a hoto, kuma babu wanda ya nemi izininsa. Shi kansa Cartier-Bresson, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaukar mutane ba su sani ba, ba ya son a ɗauke shi.

Mai faɗuwar rana ba shi da cutarwa. La'asar sakaliya tana yi zai haye Dutsen Dala yana haki, ya fuskanci yamma, ya jira. Rana ɗaya ce, kullum kuma yamma take faɗawa, amma yana da hotonta dubbai kuma ya rantse babu biyu masu kama. Lokacin hunturu hazo yakan haɗiye ta tun ba ta kai ƙasa ba, ya sauko hannu rabbana, sai ƙurar da ta shige masa cikin kyamara, wadda za ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto har zuwa bazara. Ladanin unguwar ya san shi, don kullum a raka'ar ƙarshe ta magariba yake shigowa.

Kada masu waya su yi dariya, su ma mayu ne, sun ma fi kowa yawa. Akwai mai rantsuwa da megafiksel: tasa 108 ce, ta abokinsa 50, saboda haka ya ninka shi. Bai san yawancin irin waɗannan wayoyin haɗe ɗigogin suke yi rukuni-rukuni su ba shi hoto mai 12 ko makamancin haka ba. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, megafiksel 0.01 gare ta, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya a kaset. In ka gaya masa sai ya tambaye ka ko tana da kyamarar gaba.

Sai mai son narkar da baya da waya. Idon waya ƙarami ne, ba zai iya narkarwar da kansa sosai ba, don haka tun daga iPhone 7 Plus a 2016 aka yayata dabarar yin ta da lissafi: waya ta kintaci inda mutum ya ƙare da inda baya ya fara, ta shafe sauran. Kintacen nata kuwa bai san kayanmu ba. Takan cinye gefen gyale, ta gutsure tsinin ɗaurin ɗankwali, ta ɗauki sandar dattijo a matsayin bango. Na ga hoton wani basarake da ta shafe masa kunnuwan rawani gaba ɗaya, ta mayar da ɗan sarki talaka ba tare da ko takardar tuhuma ba.

Batun fata kuwa yana da tarihi mai ɗaci. Shekaru da yawa masu wankin hoto na daidaita launi da wani katin Kodak da ake kira Shirley, mai hoton farar mace, shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi baƙar fata kan fito duhu, sai ido da haƙori. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, na cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. A zamaninmu kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin dabarunsa har da saita kyamara ta iya fitar da baƙar fata yadda take. To an sha wannan doguwar tafiya, an kawo mana kyamarar da ke ganinmu, sai muka danna maɓallin da ke wanke mu tas. Kowa ya zama fari sol, ba kurji, ba tabo, ba tsagen gado. Dangin ango sun ga amarya a waya, ranar kai lefe suna zaune da ita a ɗaki ɗaya suna tambaya yaushe za ta shigo.

Mai ɗaukar kansa da kansa shi kuma kullum ƙorafinsa hanci, wai kyamarar gaba ba ta ƙaunarsa. Laifin na gajartar hannu ne. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA Facial Plastic Surgery a 2018 ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da wajen kashi 30 cikin 100 in an gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Maganin ya miƙa wa wani wayar ya ja da baya, amma ba zai yarda ba. Akwai kuma wanda bai taɓa goge idon wayarsa ba tun da ya saye ta. Ya ci tsire, ya ci ƙosai, ya shafa yatsa a kai, duk hotunansa fitilu na fitar da dogayen wutsiyoyi, fuskoki na wani taushi. Abin da mai tsohon gilashi ya kashe albashi yana nema, wannan ya same shi da man ƙuli kyauta. Wanda kuwa za a yi hatsari a titi ya zaro waya yana ɗaukar masu rauni maimakon ya kai hannu, ban sa shi cikin mayu ba, wannan rashin imani ne kawai.

Duk bambancin da ke tsakaninsu, magana ɗaya ta haɗa su: "Zan turo maka." Mai narkar da baya zai turo in ya gama gyara launi, mai ƙirgen gashin ido in ya samu wanda ba shi da aibi, mai waya in ya sa data. In ka matsa wa ɗan boko a cikinsu sai ya kawo maka labarin Vivian Maier, mai rainon yara a Shikago, wadda ta ɗauki hotunan titi fiye da 100,000 ba ta nuna wa duniya ba, wasu ko wanke fim ɗin ba ta yi ba, sai a 2007 da aka yi gwanjon kayanta saboda bashin kuɗin ma'ajiya aka gano su, ta kuma rasu a 2009 kafin sunanta ya zagaya duniya. Abin da ya manta shi ne nata a fim suke, cikin akwatuna. Nasa suna cikin waya, a garin da ake ƙwacen waya, ko a katin ajiyar da za a share ranar da aka ce wuri ya cika. Shi ya sa in ka buɗe akwatin kowace Goggo, hotunan da za ka tarar ƙarƙashin atamfofi na 'yan bakin ƙofar biki ne, waɗanda za su haske ka ba sallama, su hau babur su wanko, kafin a tashi sun baza su a tabarma kowa ya biya ya ɗauki nasa. Ido a rabin rufe, goshi na ƙyalli, kan wani ya yanke, amma ga shi a hannu, kuma Kawu ya fito har da kunnuwansa biyu.

Saboda haka ina kira ga duk wanda ya san ya taɓa tsayar da ni a rana, ya ce in gyara hula, in ɗan karkato, in daina ƙifta ido, sannan ya ce zai turo. Ba na neman a gyara launi, ba na neman a cire aibi, ko mai guguwa ne ko mai hazo ina so. Don Allah a turo. Lambata tana nan ba ta canja ba.